Majinyacin Ɗakin Ƙarshe

Ranar da abin ya fara, babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Rana ta faɗi, an idar da sallar magariba, mutumin da gari duka ke kira Likita yana zaune a tsakar gidansa da takardun wasan gobe a cinyarsa, yana haddar abin da zai faɗa. Matarsa tana kicin tana sauke tukunya, 'yarsu Auta kuma tana kwashe shanya daga igiya. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin Auta. Bai yi wata ƙara mai yawa ba. Ya gangaro a hankali kamar ana jansa da zare, ya tsaya a bakin kwanon, ya daɗe a nan, sannan ya faɗo daidai ƙafar Likita.

Likita ya ce yaran unguwa ne. Ya leƙa waje, ya tarar da layin shiru, ko akuya babu. Da ya dawo ya ɗauki dutsen zai jefar, sai ya ji shi da ɗumi a tafin hannunsa, irin ɗumin goshin mai zazzaɓi. Ya ajiye shi a gindin bango, bai gaya wa kowa ba.

Likita dai bai taɓa zama a ajin likitanci ba. Ɗan wasa ne a wani shirin asibiti na talabijin, shirin da ya girmi Auta nesa ba kusa ba. An fara shi ne a ɗakin ajiya na gidan talabijin, da kyamara guda mai nauyin buhun siminti, da gadon ƙarfe na aro, da labule mai fuska biyu, a juya nan ya zama ofishin likita, a juya can ya zama ɗakin tiyata. A lokacin shi matashi ne mai karanta sanarwa. Aka ce ya ɗan riƙa sa farar riga kafin a samo wanda ya dace, kuma ba a taɓa samowa ba. Shugabannin tasha suka zo suka wuce, marubuta suka canza, 'yan wasa suka yi aure, suka yi fushi, waɗansu suka rasu. Duk wanda ya yi faɗa da darakta, mako na zagayowa marubuci zai haɗa masa hatsarin mota a cikin labarin. An sha yin niyyar rufe shirin, sai masu kallo su tayar da ƙura, a fasa. Daga baya aka mayar da ɗaukarsa wani tsohon asibitin haihuwa da aka daina amfani da shi a gefen gari, mai dogon baranda da ɗakuna a jere, wanda har yanzu warin magani bai bar bangonsa ba. Cikin mutanen farko, Likita kaɗai ya rage.

Shekarun nan sun yi masa wani abu da bai lura ba. A kasuwa, a gidan mai, har a ƙofar wurin ɗaukar shirin, mata sukan tare shi su kwance goyo su nuna masa ƙurji ko kumburi. Da fari yakan yi dariya ya ce shi fa wasa yake yi, su je asibiti. A hankali ya daina faɗar hakan. Ya koma taɓa goshin yaro, ya ɗan ɗaure fuska kamar yadda yake yi gaban kyamara, ya ce a ba shi ruwa da yawa a bar shi ya huta. Suna tafiya suna sa masa albarka, shi kuma abin yana yi masa daɗi.

Kwanaki kaɗan kafin jifan farko, ya manta gilashinsa a gida, Auta ta kai masa wurin aiki bayan ta taso daga makaranta. Ta tarar Darakta yana ta faɗa, domin yarinyar da za ta fito a matsayin mara lafiyar da za ta mutu ba ta zo ba, ga rana tana yi. Idonsa ya faɗa kan Auta. Ya ce ai babu magana a ciki, kwanciya ce kawai da rufe ido. Auta ta yi ta tsalle, uban ya yarda. Rufin ɗakin da suka saba amfani da shi yana yoyo, don haka aka fasa kwaɗon ɗakin ƙarshe na barandar, wanda ba a taɓa buɗewa ba, aka share, aka ja wayoyin fitilu. Auta ta kwanta a gadon da aka tarar a ciki. Mai kwalliya ta shafa mata hoda har ta yi fari fat. Likita ya danna ƙirjinta, ya yi kiran allura, ya girgiza kai, ya ja farin zane ya rufe mata fuska. Darakta ya ce a yanke, ya yi kyau. Likita ya yaye zanen, ya kama hannunta ya ce ta tashi, an gama. Ta tashi tana dariya tana atishawar hoda. Mai ɗaukar sauti ne kawai ya yi ƙorafi, ya ce akwai wani numfashi da yake ji a ƙarƙashin maganarsu, mai fita da ƙyar. Aka ce laifin na'urarsa ne.

Daga ranar dutsen farko, jifa ba ta sake fashi ba. Da zarar rana ta faɗi, gidan ya yi irin shirun nan da ko kaji ba sa motsi, sai duwatsu su fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa cikin ladabi. Ba su taɓa fasa komai ba, ba su taɓa samun kowa ba. Bayan su sai murya ta biyo. Matar Likita ce ta fara jin ta daga bayan tankin ruwa, muryar tsohuwa, siririya, tana sallama tana tambaya ko Likita yana nan. Ta zagaya da cocila, ba ta ga komai ba sai gansakuka da tsohon bokiti. Ta dawo ta gaya wa mijinta. Ya ce rediyon maƙwabta ce.

Sannan abin ya sauka a kan Auta. Da safe lafiyarta ƙalau, sai dai kasala. Da yamma ta yi, jikinta sai ya ɗauki zafi, ta daina magana, ta daina cin abinci. Takan tashi ta shiga ɗakin ubanta, ta ciro farar rigar wasan daga inda yake rataye ta, ta zo ta tsaya a gabansa tana miƙa masa da hannu biyu. Ba ta cewa komai. Idanunta a buɗe suke, amma wanda yake kallo ta cikinsu ba Auta ba ce. Yarinyar da ta cika gida da surutu da waƙa ta koma kamar itace, wuyanta ya fito, zoben hannunta ya fara zamewa.

Uwar ta ce a kira Malam na bakin masallaci. Likita ya ce ba a gidansa ba. Ya ce zazzaɓi ne da gajiyar karatu, ya san irinsa sarai. Wata yamma ya ɗauko abin sauraron ƙirjin da yake ratayawa a wuya a cikin shirin, ya durƙusa gaban 'yarsa, ya ɗora mata shi a ƙirji, ya ɗaure fuska. Robar abin ta tsage tun da daɗewa, an liƙe ta da gam don kada ta nuna a hoto, ko ganga aka buga a cikinsa ba za a ji ba. Ya san haka. Duk da haka ya tsaya yana gyaɗa kai kamar mai jin wani abu. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Baban Auta," ta ce a hankali, "nan fa babu kyamara."

Bai ɗago ba. Ya naɗe abin ya sa a aljihu.

Washegari ya kai ta asibitin gaske. Tun daga bakin ƙofa nas-nas suka fara taɓa juna suna murmushi, wata ta roƙi su ɗauki hoto. Likitan da ya duba Auta matashi ne, yana ganinsa ya miƙe tsaye, ya ce saboda shi ya karanta likitanci, tun yana ƙarami ba ya bari shirin ya wuce shi. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka auna duk abin da ake aunawa, ba a ga komai ba. Matashin ya juya masa takardar sakamakon cikin girmamawa, ya tambaye shi ko shi me yake gani. Likita ya dubi layukan da lambobin, ko ɗaya bai gane ba. Ya ce eh, haka ne, ya mayar masa. Ya ɗauki Auta suka koma gida.

A yammar ranar ce Auta ta daina roƙo. Duwatsu suna sauka, ta fito da farar rigar, ta miƙa masa, ya kau da kai. Sai ta kama wuyan hannunsa. Yarinyar da ko bokitin ruwa ba ta iya ɗagawa a kwanakin nan ta fizge shi daga kujera, ta ja shi a ƙasa ta nufi ƙofar gida. Ya turje, ya kama ƙafar tanki, ta ɓamɓare shi kamar ana cire ganye. Ihun uwar ya tara maƙwabta, suka shigo suka tarar da Likita na talabijin a kan gwiwoyinsa, hularsa ta faɗi, wandonsa ya yage, 'yarsa tana jansa kamar rago. Sai da maza suka taru kafin suka raba hannunta da nasa. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Kowa ya riƙa kallon ƙasa.

Akwai dalilin da ya sa ƙafarsa take nauyi zuwa wurin Malam. Shekarun baya, shirin ya yi wani kashi a kan wani malamin ƙarya mai cutar marasa lafiya, wanda Likita ya tona wa asiri a gaban jama'a. Da ɗan wasan da zai fito a malamin ya rasa yadda zai yi tafiya da magana, Likita ne ya koya masa, kuma Malam na bakin masallaci ya kwaikwaya masa, ɗingishinsa da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana. Unguwa duka ta gane. Yara suka yi wata guda suna bin tsohon suna tari. Malam bai taɓa cewa uffan ba, kuma tun daga lokacin Likita yake canza hanya idan ya hango shi.

Da safe ya je. Ya tarar da shi a zaure yana gyara ɗaurin wani tsohon littafi. Likita ya tsuguna, ya gaishe shi, ya fara kame-kame a kan abin da ya wuce. Malam ya yi ɗan tarinsa, ya ce ya ga shirin, jikokinsa ne suka kira shi ya kalla. Ya ce yaron ya yi ƙoƙari, sai dai ƙafar hagu ce take masa ciwo, su kuwa sun ɗingisa ta dama. Daga nan ya ajiye littafin ya ce a ba shi labarin yarinya. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tambaya a kan inda ta je kafin abin ya fara, sannan ya ce zai zo idan rana ta kusa faɗuwa, tunda lokacin baƙon yake zuwa.

Ya zo da sandarsa da butar ruwa, ba wani abu. Aka shimfiɗa tabarma a falo, uwar ta rufe Auta da mayafi ta riƙe ta ta baya. Likita ya zauna a gefe. Maƙwabta kaɗan suka tsaya a bakin ƙofa, ba a kore su ba, domin ana iya buƙatar hannu. Haske yana janyewa daga taga, dutsen farko ya sauka a kwano. Malam ya yi bisimilla ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya sauri. An daɗe ba abin da ya motsa. Can sai yatsun ƙafar Auta suka fara lanƙwashewa, bayanta ya sandare, numfashinta ya koma na wanda ya hau tudu. Bakinta ya buɗe, muryar nan ta bayan tanki ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni. Ban zo da faɗa ba."

Malam ya tsaya. Ya tambaye ta ko wace ce, daga ina. Ta ce a tsohon asibitin take, tun wurin yana kurmi, kafin a sa tubalin farko. Ya tambaye ta addininta, ta ce ita musulma ce. Malam ya ce to musulma ce take shiga jikin 'yar mutane, ta hana ta ci ta hana ta sha, ta ja ubanta a ƙasa a gaban maƙwabta? Kan Auta ya sunkuya har haɓarta ta taɓa ƙirji, irin sunkuyawar babba da aka kama da abin kunya.

"Na yi sallama, ba a amsa ba," ta ce. "Na yi jifa, aka ce yara ne. Ba ni da bakin da zai ji sai nata."

Malam ya ce ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce Likita ta zo nema. Tana da ɗa, shi kaɗai ya rage mata, yana kwance a ɗakin ƙarshe, ciwo yana cinsa, masu maganinsu sun gwada sun gaji. Ta ce shekara da shekaru tana zaune a saman rufi tana kallon aikin mutumin nan. Ta ga an kawo mutum ciki a farke, ya ɗinke shi, kafin la'asar mutumin yana zaune a baranda yana shan shayi. Ta ga mace jini ya ƙare mata, ya tsaya a kanta, ta tashi ta ɗaura ɗankwali ta tafi gida. Duk da haka ba ta taɓa kusantarsa ba, domin ta san iyakarta, jinsinsu daban nasa daban. Sai ranar da suka shigo har ɗakinta, a kan gadon da ɗanta yake, ta ga yarinyar nan ta mutu, an rufe ta, shi kuma ya kama hannunta ya ce ta tashi, ta tashi. Ta ce daga ranar ta kasa haƙuri.

Malam ya juya ya dubi Likita, ya ce wannan amsar ba tasa ba ce, Likita ne zai bayar.

Likita ya buɗe baki, muryar da ƙasa duka ta sani ta ƙi fitowa. Da ta fito, ƙarama ce. Ya ce mata jinin da take gani sukari ne da jar kala, ana dafa shi a bayan gini. Raunin roba ne, mai kwalliya take liƙawa ta ɓamɓare. Na'urar da take ƙara a gefen gado ko wuta ba a sa mata, daga baya ake ɗora ƙarar. Maganganun da yake yi wani saurayi ne yake rubuta masa, shi haddacewa kawai yake yi, rabinsu bai san ma'anarsu ba. Mutanen da take gani suna tashi dama can lafiyarsu ƙalau. Auta ba ta mutu ba, ido kawai ta rufe. Ya ce shi tunda yake, ko ciwon kai bai taɓa warkarwa ba.

Idanun Auta suka tsaya a kansa, ba ƙiftawa.

"To matan da suke tare ka a bakin ƙofa da 'ya'yansu a hannu, kana taɓa goshinsu, su ma wasa ne?"

A cikin maƙwabtan da ke tsaye akwai wadda ta taɓa kawo masa jaririnta. Bai waiwaya ba, amma ya san tana nan.

"Su ba wasa ba ne," ya ce.

Sai kuka ya fara fitowa daga bakin Auta. Ba irin kukan da aka sani ba ne, siriri ne, dogo, kamar iska tana bi ta ƙarƙashin ƙofa, har kofunan da ke kan tebur suka riƙa ɗan kaɗawa. Uwar Auta, da take riƙe da jikin 'yarta, ita ma hawaye suka zubo mata, ba ta san wa take yi wa ba. Can kukan ya juye ya zama fushi. Muryar ta yi kauri, ta ce an yaudare ta, ta bar ɗanta shi kaɗai tana zarya a banza, kuma idan nata zai tafi, to ba za ta fita daga wannan ba, sai su ma su ɗanɗana. Jikin Auta ya ɗaga daga tabarma, maza biyu suka danne kafaɗunta. Malam bai yi gardama da ita ba. Ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu, yana yayyafa ruwan butar, bai tsaya ba duk da ihun da take yi, har sai da ta ce ta tuba, ta tuba, ya sassauta.

Malam ya ce mata yarinyar nan ba ta yi mata komai ba, uwarta ma uwa ce kamarta. Ya ce rai da lafiya ba a hannun likitan wasa suke ba, ba kuma a hannun na gaske ba. Da ta sake magana, muryar tsohuwar ce ta dawo, a gajiye. Ta ce za ta fita, amma tana roƙon abu biyu. A ɗauke fitilun nan masu zafi da ƙarar janareta daga ɗakin, suna hana shi barci. Na biyu kuma, yaron bai san abin da ta ji yau ba. Tun yana ƙarami yake leƙen Likita ta tsagar ƙofa, ko yanzu da ba ya iya tashi, idan ya ji takunsa a baranda sai ya ɗaga kai. Ta ce Likita ya zo sau ɗaya, da farar rigar, ya tsaya a kansa.

Malam ya ce ba a ciniki da ita tana cikin jikin mutum. Sai ta fita tukuna, ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ba wannan gida ba, ba wani ba. Ba za a yanka mata komai ba, ba za a ajiye mata komai ba. Kuma ba za a yi wa ɗanta ƙarya a ce za a warkar da shi ba. Idan Likita ya ga dama ya je dubiya, kamar yadda ake duba maƙwabci mara lafiya a yi masa addu'a, wannan tsakaninsa da Allah ne, ba sharaɗi ba ne. Ya dubi Likita. Likita ya ce zai je.

Ta yi rantsuwar, Malam yana faɗa tana maimaitawa. Ta roƙi uwar Auta gafara, ta ce ba halinta ba ne. Sannan ƙafar hagun yarinyar ta miƙe, ta yi rawa, ɗan yatsan ƙarshe ya karkace ya saki. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta dubi mutanen da suka cika ƙofa, ta tambayi uwarta ko wani ne ya rasu. Daga nan ta ce yunwa take ji.

Washegari Likita ya sami Darakta ya ce a fitar da kaya daga ɗakin ƙarshe. Darakta ya yi ta mita, ya ce akwai fitowa uku da aka tsara a can, amma da ya ga fuskar Likita sai ya sa marubuci ya mayar da su baranda. Da aka tashi aiki, kowa ya watse, rana ta yi ja a kan tagogi, Likita ya sa farar rigar. Malam, da ya rako shi, ya tsaya a bakin ƙofa yana karatu a ransa. Likita ya bi dogon barandar shi kaɗai, takunsa yana amsawa, ya tura ƙofar.

Ɗakin da sanyi kamar cikin randa. Babu komai sai gadon ƙarfe da tsohuwar katifa. A tsakiyar katifar akwai ɗan lotsawa, gajere, kamar na yaron da ya kwanta ya dunƙule. Yana kallo lotsawar ta ɗan motsa ta wajen matashi. Ya matsa kusa. Ya tsaya a kan gadaje irin wannan fiye da yadda zai iya tunawa, kullum da magana a shirye a bakinsa, amma yau babu wanda ya rubuta masa komai. Ya miƙa hannu a saman wurin, ya ji zafi yana tasowa yana dukan tafinsa.

"Sannu, yaro," ya ce. "Ni ba ni da magani. Na dai zo in duba ka."

Ya ja wata kujera mai karyayyen baya ya zauna. Ya karanta abin da ya sani na addu'a, ba shi da yawa, ya maimaita. Numfashin nan mai fita da ƙyar, yanzu shi ma yana jinsa, ya riƙa lafawa kaɗan-kaɗan har ya koma irin na mai barci. Bai tashi ba sai da Malam ya ƙwanƙwasa sanda ya ce lokacin salla yana wucewa.

Jifa ba ta sake sauka a gidan ba. Auta ta koma makaranta, kumatunta suka dawo, ba ta tuna komai sai abin da uwarta ta ba ta labari. Bayan 'yan makonni Likita ya sake leƙa ɗakin ƙarshe, ya tarar sanyin ya tafi, katifar ta miƙe, ƙura ta kwanta a kanta kamar kowane ɗaki da aka manta. Ya je ya gaya wa Malam. Malam ya ce tsohuwar da ɗanta sun tashi ke nan, amma ko sauƙi ne ya sa suka tashi, ko kuwa rasuwa ce, wannan ba a sanar da shi ba.

Da yammar ranar Likita yana zaune a tsakar gida, Auta ta kawo masa shayi, ta ajiye, ba ta tafi ba. Ta tsuguna kusa da kujerarsa tana wasa da bakin mayafinta, sannan ta tambaye shi a hankali, don kada uwarta ta ji.

"Baba, yaron nan, ya warke?"

Likita ya daɗe yana kallon kofin.

"Ban sani ba, Auta," ya ce.

Ta ɗago ta dube shi. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin an tambaye shi a kan ciwo ya ce bai sani ba. Ta jawo 'yar kujera ta zauna a gefensa har aka kira salla.